Huka Da Kaskon Goggo Turai

Jama'a, sallama gare ku. Kafin wani ya sake turo mini magani ta saƙo, don girman Allah ku tsaya ku ji. Na sha zuma da tafarnuwa. Na sha man habbatussauda. Na sha nonon raƙumi har sai da na fara jin warinsa a gumina. Ina ƙarama an ɗura mini ɗanyen ƙwan zabo, na mayar da shi a kan tabarmar Baba. Huka dai tana nan inda take. 'Yan Kano ku ce fuka, 'yan boko su ce asma, mu nan Wurno huka muke cewa, kuma duk sunan da aka kira ta da shi ba ta fasa zuwa.

Likitan da nake gani a Sakkwato ya daɗe da gaya mini gaskiya, cewa ba ciwon da ake kora ba ne, lallaɓa shi ake. Inhela biyu gare ni. Mai ruwan ƙasa ina shaƙarsa safe da yamma ko da ƙalau nake. Shuɗin kuwa na gaggawa ne, ko banɗaki zan zagaya yana jikina. Shi ya sa duk telan da ya taɓa yi mini ɗinki ya san ƙa'idata: kowane siket da aljihunsa. In dai na guji hayaƙi da turare mai ƙarfi, na kiyaye maganina, sai in yi watanni ba wanda zai ce ina da wani abu.

Ga wadda yau ta fara karanta ni, ni ce Surayya, ɗiyar Malam Lawwali mai albasa, malamar 'yan aji uku a wata firamare nan cikin gari. Mai nemana kuma Musaddiq ne, ɗan Goronyo, dogo baƙi mai ɗan gemu, sana'arsa kai kifi kasuwa. A bikin ƙawata Rahama muka haɗu a Rabah. Ina sonsa. Na faɗa, kowa ya huta. Tun da muka fara yake kawo mini turare kwalba-kwalba, duk suna cikin akwatin ƙanwata Sauda. Ita ke ƙamshi a gari, ni ina godiya.

Za ku ce mi ya hana in gaya masa? Inna ce.

Shekarun baya wani Khalid ya neme ni, magana har ta kai ga manya. Uwarsa ta ji labarina a bakin wata mai kitso, sai ta aiko aka ce su ba su ɗaukar ciwon gado su kai cikin zuri'arsu. Ni na yi kukana na share hawaye. Inna Habi kuwa har yau ba ta warke ba. Tun ranar da Musaddiq ya fara sallama a zaurenmu ta kafa mini doka.

"Kul kinka hwaɗa mashi. Ki bari a ɗaura. In anka ɗaura, ciwon matatai ciwonai na."

"Inna, to in tat taso mani gabanai hwa?"

"Ba ta tasowa. Bakinki ya sari ɗanyen kashi."

Sai ka ce wajenta huka ke neman izini.

Ku yi haƙuri da Sakkwatancin. Maganar mutanen gidanmu ba ta juyuwa, yadda suka faɗe ta haka zan kawo muku.

To, Asabar ɗin nan da ta wuce aka sa mahaifiyarsa, Hajiya Mas'uda, za ta zo da ƙannenta mata biyu su gan ni kafin maza su zo tambaya. Ba a saba uwa ta zo da kanta ba, amma tun da mahaifinsa ya rasu ita ce uwa ita ce uba, ta ce sai ta gani da idonta. Jin haka Inna ta rikice, ta ɗauki waya ta kira yayar Baba, Goggo Turai ta Rabah, wadda sana'arta gyaran amare da haɗa turaren wuta.

Juma'a da la'asar ta iso. Ban gan ta ba tukuna, shaƙo ta na yi. Ƙamshin humra ya riga ta shigowa zaure, sannan ɗan kabu-kabu ya biyo da jakar bakko biyu, sannan ita, da kasake uku ƙulle a tsumma ta rungume su kamar jarirai. Na ja da baya na tsaya bakin rudun da Baba ke ajiye albasa, inda iska ke kaɗawa.

"Ke Surayya, ƙaƙa kike tsaye can kamar baƙuwa? Taho in gan ki."

"Sannu da hanya, Goggo. Turaren na, shina taɓa ni."

"Turare ka taɓa ki?" Ta juya ga Inna. "Habi, har yau ba ku raba ɗiyag ga da wagga taɓara ba? Amare nawa nis sa ma tsugunno tun daga Rabah har Kwargaba? Wace tam mutu?"

"Babu mai huka cikinsu, Goggo."

"Ruhe mani baki. Huka! Sanyi na, da shan ruwan ƙanƙara. Hayaƙin sandal ma ai magani na, shi ka buɗe ƙirji."

Na dubi Inna ina jiran ta tanka. Matar da ta sha goya ni zuwa asibiti da gudu. Matar da ta sa Baba ya gina mata madafa can bayan gida don kada hayaƙin itace ya iso ɗakina. Sai kawai ta sunkuyar da kai tana murza bakin zane, ta ce, "Yaya, a dai yi kaɗan."

Kaɗan! Kun taɓa ganin kaɗan a hannun mai sana'a?

Dilka na yarda. Lalle na yarda, ja da baƙi har gwiwar hannu. Kitso na yarda har ƙeyata na zogi. Tsugunno kuwa, wato a zaunar da ni kan kujera mai rami ga garwashi da turare a ƙasa a lulluɓe ni da bargo, na ce sai dai a ɗaure ni. Baba da ya dawo daga fadama ya ji hayaniya, ya leƙo ya ce, "Yaya Turai, a bar mata hayaƙin ga."

"Lawwali, maganar mata ta."

Ya ɗauki butarsa ya yi masallaci, alhali ko kiran salla ba a yi ba. Maza ke nan.

Na ɗauka na ci nasara. Ashe Goggo ta kifa kwando a kan kasko a ɗakin baƙi, ta shimfiɗa laffayar da zan yafa a kai, ta bar ta tana shan hayaƙi har wayewar gari.

Da hantsi ta fito mini da kyautarta. Leshi ne ruwan zuma, riga da siket, an jera duwatsu a wuya da hannu. Gaskiya ɗinkin ya yi kyau, ya zauna mini kamar a jikina aka yanka. Na shafa gefen dama, na shafa gefen hagu. Babu aljihu. Na faki idonta na cusa shuɗin inhelana cikin rigar mama. Tana cikin naɗa mini laffaya, ina ta kau da hanci, sai hannunta ya ci karo da shi.

"Mi na na wanga?"

"Maganina na, Goggo."

"Gaban surukai za ki hiddo wanga ki kahwa ma baki kamar 'yar shaye-shaye? Kawo nan."

"Goggo, don Allah. Ba ni hiddo shi sai in ta kama."

"In ba shi jikinki ba ki tuna shi. Tunanin na ka kawo ta."

Ta fizge, ta fita da shi. Ban ga inda ta kai shi ba. Na bi ta da ido cike da takaici. Shekara ashirin da huɗu gare ni, ina karɓar albashi, ina tsawata wa yara cike da aji, amma an ƙwace mini numfashi kamar yadda ake ƙwace wa yaro alawa.

Wayata ta yi ƙarar shigowar saƙo. Musaddiq ne.

"Gimbiya, sun taso tun ɗazu. Hajiya ta yahwa sabon mayahi, ta ce kar in dame ta da kira."

"Ina jin tsoro."

"Tsoron mi? Hajiya ba ta cizo." Ya haɗa da hoton dariya.

Na daɗe ina kallon allon. Sannan na rubuta, "Musaddiq, akwai maganar da nike son hwaɗa maka," na danna kafin zuciyata ta canza. Nan take ya amsa, "Ina jin ki." Daidai nan Inna ta ɗaga labule ta ce in aje wayar nan in tashi, mota ta tsaya ƙofar gida.

Bari in gaya muku yadda aka yi wa ɗakin Inna. Sabuwar leda mai zanen katako. Zanen gado na aro daga maƙwabta. Labule masu nauyi an sake su har ƙasa. Tagogi biyu duk an rufe, wai kada ƙamshi ya gudu. Kasko ɗaya bayan ƙofa, ɗaya gindin madubi, ɗaya ƙarƙashin gado. Babu wutar lantarki, ga zafin bazara irin namu da ke gasa ƙwai a rairayi. Fanka mai caji tana ta juyawa, ba abin da take yi sai raba hayaƙin daidai wa daida. Ina sa ƙafa a ciki na san an gama da ni.

Na durƙusa gefe na sunkuyar da kai. Ta ƙasan ido na ga Hajiya Mas'uda, 'yar siririya, baƙa, idanunta jajaye irin na mai aikin wuta. Tana zama ta sa bakin mayafi ta yi tari mai tsawo, sannan ta gyara murya. Ƙannenta biyu kuwa manya ne masu fara'a, sun sa an shigo da kwandon kifin banda tsaraba.

"Ina... wuninku." Da ƙyar na haɗa.

"Lahiya lau, ɗiyata. Ɗago mu gan ki mana."

Goggo ta cafe. "Ai ɗiyammu akwai kunya. Ko mu nan ba ta haɗa ido da mu."

Wanda bai san huka ba ya ɗauka iska ce ba ta shiga. Tana shiga, fita ce ba ta yi. Da fari ƙaiƙayi ne a maƙoshi. Sai tari busasshe. Sai ka ji kamar an zagaya ƙirjinka da igiyar guga ana ja a hankali. Na danne tarin farko, na danne na biyu, na uku ya ƙwace.

"Ƙwarewa tay yi," in ji Goggo. "Miyau na. Kunya ka sa haka."

Ɗaya daga cikin ƙannen Hajiya, mai haƙorin Makka, tana ta ba Goggo labari. "Ai amarya ta faɗa gidan albarka. Gidammu wutar banda ba ta mutuwa, rani da damina. Murahu jere tsakar gida. Ɗakin da Musaddiq yag gina ma shina kallonsu, ko daga gado tana ganin aiki."

Innalillahi. Na san kifi yake sayarwa, amma ban taɓa tambayar inda ake bandarsa ba. Ashe cikin gida ne. Ashe ƙofar ɗakina.

Daga nan ƙirjina ya fara fito. Wannan siririn kukan da duk mai huka ya sani. Mai haƙorin Makka ta katse labari, ta karkata kai.

"Wai akwai 'yan kyanwa ɗakin ga?"

Wallahi, jama'a, ko ƙifta ido Goggo ba ta yi ba. "Eh, kyanwa tah haihu ƙarƙashin gado."

Da ina da iskar dariya da na yi. Da ina da iskar kuka ma da na yi. Ba ni da ko ɗaya. Kafaɗuna suna ɗagawa suna sauka, zufa ta jiƙa leshin, duwatsun wuyan rigar sun zame mini kamar an ɗora dutsen niƙa. Na buɗe baki in ce a ba ni maganina, kalma ta ƙi fita. Na dafa leda da hannu biyu.

Sai Inna ta ɗago labule da tire a hannu, masa da miya da jug ɗin zoɓo. Ido ɗaya ta yi mini. Ita ta san wannan zaman, ta san kafaɗun nan tun ina goye.

Tiren ya faɗi. Zoɓo ya malale kan sabuwar leda.

"Surayya!"

Ku da ba ku san gidanmu ba ba za ku gane ba. Ni ce ɗiyar fari. Tun da aka haife ni Inna ba ta taɓa kama sunana ba, sai "ke" ko "wagga". Ranar nan ta kira shi da ƙarfi, a gaban surukai.

"Yaya Turai, ina abin shaƙatta?"

"Habi, ki natsu, baƙi..."

"Ina abin shaƙar ɗiyata nic ce!"

Ba ta jira amsa ba. Ta suri kaskon bayan ƙofa da hannunta, haka nan ba tsumma, ta wurga shi tsakar gida. Ta fizge labule har da ƙusa. Ta bangaje tagogi. Ta kama ni ta ƙarƙashin hamata ta ja ni waje zuwa gindin dogonyaro, ta warware laffayar nan ta jefar kamar ta kama wuta, ta zaunar da ni ta karkato ni gaba. Sannan ta faɗa ɗakin baƙi, na jiyo ta zazzage jakar Goggo ƙasa, kwalabe suna fashewa, Goggo na salati tana kiran humrarta. Can cikin wani gwangwanin gajijin haɗa turare ta samo inhelan. Sauda ta rugo da robar ruwan da muka huda wa gindi, wadda nake sa inhela a ciki in ciwon ya yi tsanani don maganin ya isa ciki sosai. Inna ta kafa mini a baki, ta danna.

"Ja. A hankali. Ja, Surayya. Ina nan."

Ta sake dannawa.

Baƙi sun fito sun tsaya bakin ƙofa cirko-cirko. Inna ta ɗago ta dube su, ɗankwalinta ya zame, ta ce, "Huka gare ta. Tun tana goye. Ni nih hana ta hwaɗi. Kowa ya jiya, wanda za shi hwasa shi hwasa. Ni dai a bar mani ɗiyata da rai."

Hajiya Mas'uda ta koma cikin ɗaki, ta fito da sauran kasake biyun, ta ɗauki buta ta tsiyaya musu ruwa har suka mutu. Ta tsaya ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce, "Allah shi ba da lahiya," ta ja ƙannenta suka fita. Ko ruwa ba su sha ba.

Ƙirjin ya ɗan saki amma bai sake ni duka ba, sai da aka kira Baba aka sa ni a Keke zuwa asibiti. Aka kafa mini abin rufe hanci mai turara magani, aka yi mini allura. Ma'aikaciyar jinyar da ta ji yadda aka yi ta riƙe haɓa ta ce, "Kasko uku? Ga mai asma? Ku da kanku?" Ita ce ma ta lura da tafin hannun Inna ya tashi ya yi ruwa, ta wanke ta naɗe mata. Inna ba ta ma san ta ƙone ba.

Kafin magariba muka dawo. Kuna tsammanin Goggo ta yi nadama? Tana zaune kan turmi ta haɗa kayanta, tana jiranmu.

"Jiha na. Maƙiya sunka yi ma ɗiyag ga jiha don kar ta yi aure. Ke kuma Habi kin tona muna asiri, kin zubar mani da humra wadda nid daɗe ina jiƙo. Da kin yi haƙuri kaɗan da sun tashi lahiya."

Baba ya ce, a hankali, "Da ta yi haƙuri kaɗan, Yaya, da yanzu muna maƙabarta."

Washegari da sassafe ta koma Rabah ba sallama.

Daren Asabar ɗin da na buɗe wayata na tarar da saƙonnin Musaddiq jere. "Ina jin ki." "Surayya?" "Sun iso?" "Ki yi magana mana." Daga nan shiru mai tsawo, daidai lokacin da na san sun koma gida sun ba da labari. Sai guda ɗaya a ƙarshe: "Ina nan tahe gobe bayan la'asar." Babu gimbiya, babu hoton dariya. Na karanta shi ya fi a ƙirga, ina neman fushi ko tausayi a ciki, ban samu ko ɗaya ba.

Lahadi na sa tsohuwar atamfata mai aljihu da hijabi ruwan toka, ko hoda ban shafa ba. Na same shi a zaure kan tabarma. Abin da na fara lura da shi, babu ƙamshi. Musaddiq da ake jin zuwansa tun daga bakin layi.

"Ban sa komi ba," ya ce. "Rigag ga ma sai da nis sa anka sake wanke ta. Ƙaƙa jikin?"

"Da sauƙi."

"Turarukan da nika kawo maki hwa?"

"Sauda."

"Duka?"

"Har wanda kac ce daga Makka anka kawo maka."

Ya girgiza kai, ya so ya yi dariya, abin ya ƙi. "Mi yas sa ba ki hwaɗa mani ba, Surayya? Ina ta kawo maki ciwo cikin kwalba kina godiya."

"An hana ni. An taɓa gudu na kan haka, Inna ta ji tsoro. Jiya nig gaji niy yi niyyar hwaɗi, ka ga saƙon."

Ya shiga wasa da makullin babur. Na ciro shuɗin inhelan daga aljihu na ajiye a tabarma tsakaninmu. Na ce ga shi nan, ya gan shi da kyau, don duk inda za ni tare za mu. Na gaya masa ba a ɗauka, ba ya hana aiki, ba ya hana haihuwa, amma ɗa na iya gado yana iya ƙin gado, wannan sai Allah. Ya ɗauka ya jujjuya shi kamar wani abin fashewa, ya mayar.

"Hajiya ta ce ba ki da aibi," ya ce. "Ta ce uwarki mace ta. Amma ta ce gidammu hayaƙi na tun asuba har hwaɗuwar rana. In nik kawo ki ciki, kashe ki za ni yi. In nih hita da ke, na bar ta da marayu da wuta, ga ni ni a babba."

"Kai mi kac ce?"

"Ban ce komi ba tukuna."

Kun ji fa. Tun daga Goronyo ya ƙona mai ya zo ya gaya mini bai ce komai ba tukuna.

"To ni bari in ce. Ba ni iya zama gidan banda, ko da son da nika yi maka ya kai dam ɗinku na Goronyo cika. Ba taurin kai ba na, huhu na. Ka tahi ka yi tunani. Amma don Allah kar ka dawo mani da 'za ki saba'. Wanda duk yas sake ce mani za ni saba, walle sai na manta da tarbiyya."

"Akwai hilin Babammu can hanyar Boyekai," ya ce a hankali. "Nesa da murahu. Amma ko tubali guda babu."

"Tubali ana yi. Huhu ba a yi."

Ya dube ni, irin kallon da ke sa in manta ina fushi, na yi maza na kau da kai. Ya tashi ya ce zai kira ni. Na ce Allah ya kiyaye hanya. Ina shiga gida na tarar da Inna da Sauda manne da bangon zaure, kowacce ta kama shara da ba ta da tsintsiya.

Yau Litinin na dawo daga makaranta da azahar, ko hijabi ban cire ba, sai ga kira da baƙuwar lamba. Na ɗauka. Ba a yi magana ba, tari ne ya fara zuwa, mai tsawo, mai nauyi daga can ƙasan ƙirji. Tun kafin ta yi sallama na gane ta. Na ce shi ke nan, yau ba ma aike za a yi ba, da bakinta za ta sallame ni.

"Surayya ta?"

"Ni ta, Hajiya. Ina wuni?"

"Lahiya lau. Ƙaƙa ƙirjin?"

"Alhamdu lillahi."

Ina jin numfashinta a wayar, gajere-gajere, kamar wadda ta hau tudu.

"Wanga likita naki na Sakkwato. Wace rana yaka ganin mutane?"

Na ce Talata da Alhamis.

"Tun ina amarya nike bakin banda," ta ce. "Da tari na kawai, mu duka muna yi, mun ɗauke shi na gida. Yanzu ko buta nid ɗauka zuwa bayi sai na tsaya na huta. Ranar da nig gan ki kina neman iska gindin iccen ga, kaina nig gani. Kuma kwanan ga, in nit tohwar, da jini-jini."

Na zauna bakin gado ba shiri. "Hajiya, wanga ba na jira ba na. Tari da jini ba a zama da shi. Akwai gwajin kaki, akwai hoton ƙirji. Gobe ma Talata, ki sa Musaddiq shi kai ki."

"A'a. Ke za ki kai ni, ke kin san hanya, kin san bakinsu. In ce za ni gaisuwa Rabah, mu haɗu tasha." Ta sake yin tari, na jira ta gama. "Amma Musaddiq ba shi ji. In yaj ji, kashe wutag ga za shi yi ran nan, ƙannenai mi za su ci? Ki yi mani alkawali, ɗiyata."

Na ɗaga kai. Ta ƙofa ina hango Inna zaune a inuwa tana ƙoƙarin tsince shinkafa da hannu ɗaya, ɗayan na naɗe a bandeji. Wayar na kunnena ta fara ƙara ƙit-ƙit, wani kiran na shigowa. Na duba. Musaddiq.

"Kin yi shiru," in ji Hajiya. "Kin yi alkawali?"

Jama'a, ni Surayya, da ƙyar na fito da rai daga ɓoyon huhu ɗaya. Ga shi an miƙo mini na biyu in riƙe, kuma na matar da aurena ke hannunta. Ɗanta na ta kira, ita tana jira, ni kuma bakina a buɗe.